Dogon Mutum da Keke Mai Naɗewa: A Auna Ƙafa Kafin a Yi Ciniki

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, lissafin tafiya ya sauya a kudancin Kano. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta doshi naira 500 cikin 'yan kwanaki, kuɗin mota da na acaɓa suka bi ta. Magidanta da dama suka jingine babur, suka kakkaɓe tsohon keken da ya daɗe a zaure.

Keke ba baƙo ba ne a Burumburum, ko Tudun Wada, ko ƙauyukan Doguwa, Kiru da Bebeji. Dattawa sun san Raleigh, wanda asalinsa daga birnin Nottingham na Ingila yake, har kamfanin ya taɓa samun masana'anta a Kano. Sun san Phoenix na Sin da Hero na Indiya. Duka manyan kekuna ne masu taya inci 28 da kariya mai ƙwari, waɗanda suka kai taki gona, suka kai shinkafa inji, suka kai yara makaranta.

Baƙon da ya shigo cikin kayan gwanjo shi ne ɗan ƙaramin keken nan mai naɗewa. Ana buɗe wani makulli a tsakiyarsa, a ninke shi biyu, a sauke sirdi, a kwantar da kan keken, sai ya koma kamar akwati. Amfaninsa a fili yake. Malamin makaranta ko ɗalibin Jami'ar Bayero da gidansu ke nesa da titi zai iya tuƙowa zuwa tasha, ko ya fito Kwanar Dangora, ya naɗe keken ya sa a but, in ya sauka a Kano ya buɗe abinsa ya wuce masu jiran A Daidaita Sahu. Da dare kuma ya shige da shi ɗaki, ɓarawo bai gani ba.

Sai dai akwai mutumin da wannan keke ya fi yaudara, wato dogo.

Manyan kekuna ana ƙera su girma-girma, mai saye ya zaɓi daidai da shi. Mafi yawan masu naɗewa kuwa girma ɗaya tak ake yi musu, sai a bar sirdi da kan keke su yi sama ko ƙasa. Dalili shi ne, wanda ya zana keken ƙanƙanta yake nema, domin ya shiga jirgin ƙasa ko ƙarƙashin tebur. Andrew Ritchie ya fara zana keken Brompton, mai taya inci 16, a Landan a tsakiyar shekarun 1970. David Hon, masanin kimiyyar fiziks a Amurka, ya kafa kamfanin Dahon a 1982, kuma yawancin kekunansa taya inci 20 gare su. Wasu daga cikin na gwanjon da ke isowa kasuwannin Kano daga Japan suka fito, ƙasar da matsakaicin tsawon namiji bai wuce kusan santimita 171 ba. Saurayi zanƙalele mai santimita 190 in ya hau irin wannan, gwiwoyinsa sai su riƙa gaisawa da hannuwansa.

Tsawon ƙafa ne ke yanke hukunci

Masu sayen keke sukan tambayi tsawon mutum gaba ɗaya, alhali abin da feda ta sani shi ne tsawon ƙafa. Mutum biyu za su iya yin kai ɗaya a tsaye, amma ɗaya gangar jiki ce ta yi masa tsawo, ɗayan kuma ƙafafu. Awon ba wuya. A tsaya ba takalmi a jikin bango, a matse littafi a tsakanin cinyoyi kamar ana zaune a sirdi, a sa wani ya auna daga ƙasa zuwa saman littafin da tef ɗin tela.

Daga nan sai lissafin da aka fi jingina wa Greg LeMond, Ba'amurken da ya ci gasar tseren keke ta Faransa sau uku, a 1986 da 1989 da 1990. A ninka tsawon ƙafa da 0.883, abin da ya fito shi ne tazarar da ta dace daga tsakiyar gindin feda zuwa saman sirdi. Mai ƙafa santimita 80 yana buƙatar kusan santimita 71. Mai ƙafa santimita 90 yana buƙatar kusan 79 da rabi. Wannan bambanci na santimita takwas da ɗoriya shi ne ke raba keken da za a yi shekaru ana jin daɗinsa da wanda za a jingine bayan wata guda.

Wanda ba ya son lissafi yana da hanya mafi sauƙi. Ya zauna a sirdi, ya ɗora dunduniya a feda lokacin da take can ƙasa. In ƙafar ta miƙe sambal ba tare da ƙugu ya karkata ba, sirdin ya yi daidai, domin da zarar ya mayar da gaban tafin ƙafa kan feda gwiwa za ta ɗan lanƙwashe kaɗan, yadda ake so. In kuwa an ja sirdi har ƙarshe gwiwa tana nan a naɗe, keken ba nasa ba ne. Tuƙi da sirdi a ƙasa yana tara nauyi a gaban gwiwa, yana cinye ƙarfin cinya, ga saurin gajiya a hawa. Duk wanda ya san tuddan Doguwa, wajen Riruwai, ya san hawa a can ba wasa ba ne.

Su kansu kamfanonin ba su ɓoye iyakarsu ba. Brompton ya ce ƙarfen sirdinsa na yau da kullum ya dace da ƙafar da ba ta wuce inci 33 ba, wato santimita 84. Yana da wani mai ƙarin tsawo zuwa inci 35, da kuma mai hawa biyu domin waɗanda suka zarce haka. Dahon kan rubuta wa yawancin kekunansa iyakar tsawon mahayi santimita 193 da nauyi kilo 105, Brompton kuma kilo 110 har da kaya.

Layin da bai kamata a tsallake ba

A jikin ƙarfen sirdi, kusa da ƙasansa, akwai wani layi da aka zana. Ma'anarsa: kada a ja ƙarfen ya fito fiye da nan. Dogon mutum shi ya fi shiga jarabar tsallake wannan layi, kuma nan haɗarin yake. A keke mai naɗewa gangar jikin keken ƙasa-ƙasa take, don haka ƙarfen sirdin ya riga ya fito da tsawo sosai. Nauyin mahayi a samansa yana aiki ne kamar yadda ake danna doguwar sanda a tayar da dutse. In ɗan guntun da ya rage a ciki ya gaza, wata rana a cikin rami ƙarfen zai lanƙwashe ko bakin bututun ya tsage.

Wasu sukan kai wa mai walda ya ƙara masa bututu. Wannan dabara ba ta da kyau. Da yawan waɗannan ƙarafa na alminiyum ne, wanda waldar bakin titi ba ta kama shi yadda ya kamata. Samun dogon ƙarfe a madadinsa ma aiki ne, saboda kaurin ba ɗaya ba ne: na Dahon milimita 33.9 ne, na Brompton 31.8, na manyan kekunan da aka saba kuwa sirara ne, wajen 25. Mai gyaran keke a kasuwar ƙauye ba lallai ya taɓa ajiye irinsa ba.

Bayan sirdi sai kan keke. In ya yi kusa ko ya yi ƙasa da yawa, dogo zai tuƙa a dunƙule, wuya da ƙugu su ɗauki ciwon. A nemi wanda wuyansa ke ƙara tsawo. A kuma duba bayan ƙafa, domin mai babban takalmi yakan riƙa bugun kayan da ke kan kariya da dunduniya a duk juyin feda.

Hanyar ma tana da ta cewa

An zana ƙaramar taya ne domin kwalta. Dutsen da tsayinsa santimita 5 ne ya kai kashi ɗaya cikin huɗu na tazarar da ke tsakanin tsakiyar taya inci 16 da ƙasa, amma a taya inci 28 kashi ɗaya cikin bakwai ne kacal. Shi ya sa babban keke ke haye abin da ke girgiza ƙarami. A kowace kilomita, taya inci 28 na juyawa kusan sau 450, ta inci 16 kuwa fiye da sau 750, saboda haka ta fi saurin cinyewa. A yashin rani tana nutsewa, a taɓon damina tana kafewa. Dogo kuma yana zaune can sama a kan keke gajere, in gaba ya faɗa rami ya fi kowa saurin tuntsurawa.

Ga mai bin hanyoyin burji na karkarar Tudun Wada da Kiru, taya inci 20 ita ce mafi ƙanƙantar da ya kamata ya duba. Tana da wata fa'ida: irin da aka rubuta wa lamba 406 a gefe ita ce ta kekunan yara da yawa, don haka taya da tif ɗinta ba sa wuyar samu. Akwai wata inci 20 ɗin mai lamba 451 da ba ta shiga gurbin waccan, sai a karanta lambar tun a wurin ciniki. Wanda ya yi sa'a zai iya cin karo da mai naɗewa mai cikakkiyar taya inci 26, irin na kamfanin Montague na Amurka. Ba ya ƙanƙancewa sosai, amma ya fi karɓar dogo, ya fi jure burji.

Batun kaya kuwa a taƙaice yake. Kariyar Brompton kilo 10 aka yarje mata. Buhun masarar Doguwa kilo 100 ne. Wanda ke neman abin dakon amfanin gona ya riƙe Phoenix ɗinsa.

A wurin ciniki, mai saye ya je da tef da lambar tsayin sirdinsa a rubuce. Ya ja sirdi zuwa layin, ya auna. Ya matse birkin gaba ya girgiza keken gaba da baya. In mahaɗar tsakiya ko ta wuya tana motsi ko tana ƙara, ya bar shi. Ya goge ƙura a gefen mahaɗar ya nemi tsaga, musamman inda aka yi sabon fenti. Ya naɗe ya buɗe da hannunsa, sannan ya roƙi mai kaya ya bar shi ya tuƙa na minti goma, har da wurin da ba kwalta.

Ga dogon da ke haɗa keke da mota tsakanin Burumburum da Kano, mai naɗewa na taya inci 20 ko 26 zai biya masa buƙata, muddin sirdin ya kai lambarsa ba tare da an wuce layin ba. In bai kai ba, ya mayar da kuɗinsa aljihu ya nemi babban keke mai taya inci 28.