Yadda za mu haɗa shuka iri-iri a ɗan lambun bayan ɗaki



Da yawa daga cikinmu manoma ne kafin mu baro Gwoza, Bama da Banki. A can muna da gonaki, a nan Minawao kuwa ɗan fili ne na 'yan taku a bayan ɗaki. Abincin rabo yana tare yunwa, amma babu ɗanyen ganye a cikinsa, kuma yara da masu juna biyu suna bukatarsa. Idan babu shi a gida, mata da 'yan mata ne ke shiga daji nemansa, mun kuwa san haɗarin da ke cikin haka. Wannan ɗan filin zai iya ba mu kayan miya na watanni, in mun san abin da za mu haɗa da abin da za mu raba.

Dabarar ba baƙuwa ba ce. Iyayenmu suna shuka wake a tsakanin gero ko dawa. Idan aka tuge wake ko gyaɗa, za a ga ƙananan ƙulluttai a jikin saiwar. A cikinsu ake tara sinadarin nan da muke saye a takin yuriya, daga iska ake samo shi. Shukar da ta biyo baya ita ta fi cin amfaninsa. Saboda haka idan wake ya gama, mu yanke shi daga tushe, mu bar saiwar ta ruɓe a ƙasa.

Abu 3 za mu duba kafin mu haɗa shuka.

Na farko, tsawo. Mai tsawo ya zauna da gajere. Masara ko kuɓewa suna sama, wake yana ƙasa ya rufe fili, ciyawa ta ragu, ƙasa ta daɗe da danshi.

Na biyu, saiwa. Saiwar albasa da ta latas ba ta nisa, ta tumatir tana nitsewa ƙasa. In an haɗa su a lokacin sanyi ba sa yawan rigimar ruwa, ban ruwa ɗaya ya ishe su.

Na uku, lokaci. Alayyafo yana isa tsinka cikin sati 3 zuwa 4, kuɓewa kuwa sai ta kai kusan wata 2 kafin ta fara 'ya'ya. Kafin ta yi inuwa, an riga an ci alayyafon.

Ga misali ga mai fili mita 2 a kan mita 3 da damina. A yi layin kuɓewa 2, a bar kamu ɗaya tsakanin tushe da tushe. A watsa alayyafo a tsakanin layukan. A sa wake a gefe ɗaya, yakuwa a bayan waken. Kabewa tana son fili, don haka tushe ɗaya ya isa, a ja ta zuwa kan danga. A dasa zogale a kusurwa, a riƙa sare kansa daidai ƙirjin mutum, don ya yi rassa da yawa kuma kada inuwarsa ta danne sauran.

Akwai waɗanda ba a cusa su wuri ɗaya. Tumatir, barkono, tattasai da gauta dangi ɗaya ne, cutar ɗaya tana kama sauran. Haka kuɓewa, yakuwa da rama, ƙwarin da ke huda ganyen ɗaya su ke huda na sauran. Mu raba su da layin wake, albasa ko alayyafo. Inda aka sa tumatir bana, baɗi a sa wake. Kada kuma son yawa ya sa mu cunkushe fili, domin shukar da ba ta samun rana da iska ba ta yin 'ya'ya.

Haɗa shuka yana rage ƙwari, amma ba ya gama da su. Mu riƙa duba bayan ganye da safe, mu cire tsutsa da hannu. Ruwan da aka jiƙa dakakken ganyen dogonyaro a ciki kwana ɗaya yana taimakawa in an yayyafa da yamma.

Tunda a sansani muke, mu kiyaye waɗannan. Lambu ya yi nesa da bayan gida. Kada mu toshe hanya ko magudanar ruwa. Ruwan wanke hatsi da na wanke ganye ya dace da ban ruwa, a zuba shi a gindin shuka da safe ko da yamma, amma banda ruwan da aka sa bilic. Mu yi magana da maƙwabci kafin mu kafa danga, mu kuma ɗaure awaki. Idan saɓani ya taso kan iyaka, a kai wa shugaban unguwa tun bai yi girma ba.

Wanda shukarsa ta yi kyau ya bar tushe ɗaya ko biyu su bushe don iri, ya tsakura wa sabbin zuwa da zawarawa. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya mai da mu gida lafiya.