Majigin Bango: Fasahar Haska Zane a Jikin Gine-gine da Matsayinta a Zangunan Akra

1.0 Gabatarwa

Tun da daɗewa Bahaushe ya ɗauki bangon gida a matsayin wurin isar da saƙo. Magina a Zariya da Kano sukan ƙawata fuskar zaure da dagi da takobi, daga baya har da keke, domin mai wucewa ya san matsayin maigidan. A yau an sami fasahar da ke yi wa gini ado da haske kawai, ba tare da laka ko fenti ba. Wannan takarda za ta bayyana yadda fasahar take aiki, sannan ta auna ta da yanayin Nima da Maamobi, wato zangunan birnin Akra na ƙasar Gana, inda Hausa take harshen kasuwa da mu'amala.

2.0 Ma'ana da Asali

Kalmar majigi ararriya ce daga sunan Ingilishi na wata tsohuwar fitila mai haska hoto. Hausawa sun san ta ne ta hanyar motocin gwamnatin mulkin mallaka da ke yawo gari-gari suna nuna finafinan tsafta da noma a ƙofar fada. Majigi na wancan zamani farin ƙyalle yake buƙata. A sabuwar fasahar kuwa ginin kansa ne allon, shi ya sa wannan takarda ta kira ta majigin bango.

An fara wasan haske da sauti a fadar Chambord ta Faransa a 1952, aka kai shi dalar Giza ta Masar a 1961. Bikin Vivid na birnin Sidni ya soma a 2009. A 2024 ginin gwamnatin birnin Tokiyo ya shiga kundin Guinness saboda faɗin bangon da ake haskawa, wanda ya kusa murabba'in mita 14,000.

3.0 Yadda Ake Aiwatarwa

Aikin yana da matakai uku. Da farko ana auna ginin, a fitar da siffarsa a kwamfuta har da tagogi da ginshiƙai. Na biyu, mai zane zai tsara hotuna masu motsi daidai da wannan siffa, ta yadda layin haske zai hau kan ginshiƙi sak. Na uku, sai a kafa na'urori a daidaita su, a haɗa gefen hoton wannan da na waccan har a rasa gane mahaɗarsu.

Akwai ƙa'idoji biyu da ya kamata ɗalibi ya riƙe. Ta farko, na'urar ba ta iya haska baƙi. Duhun dare shi ne baƙin zanen. Saboda haka fitilun titi da na shaguna suna kashe masa kaifi. Ta biyu, idan aka ninka nisan na'ura daga bango, filin hoton zai ninku huɗu, haskensa kuma ya koma rubu'i. Ana auna ƙarfin haske da ma'aunin lumen. Na'urar aji takan ba da kimanin 3,000, amma ta babban gini takan kai 20,000 ko fiye, kuma akan haɗa da dama. Farin bango marar sheƙi ya fi karɓar hoto, gilashi kuwa barin hasken yake yi ya wuce.

4.0 Nima da Maamobi

Nima ta fara kafuwa a farkon shekarun 1930, lokacin da Malam Amadu Futa ya sami fili daga 'yan ƙabilar Ga. Ta cika da baƙi daga arewacin Gana da Nijeriya da Nijar da Mali da Burkina Faso. Cunkoso da babbar kwatar da ke tsakaninta da Maamobi sun sa wasu mazauna Akra suna yi mata kallon raini. Don amsa wannan ne matasa, ciki har da mai zane Rufai Zakari, suka kafa ƙungiyar Nima Muhinmanchi Art a 2011, suka shiga zane a bangaye. Moh Awudu, ɗan Nima, shi ma ya yi suna da zanen bango. A wannan shekara ce kuma aka fara bikin zanen titi na Chale Wote a unguwar Jamestown. Ke nan akwai masu zane, akwai 'yan kallo.

Sai dai majigin bango yana da sharuɗɗan da fenti ba shi da su. Na ɗaya, fili: yawancin gidajen zango gajeru ne, lunguna kuma matsattsu, babu inda na'ura za ta ja da baya. Manyan bangaye suna bakin babban titin Nima, inda fitilu suka fi yawa. Na biyu, wuta: wanda ya ga ɗauke-ɗauken lantarkin da 'yan Gana suka kira dumsor, tsakanin 2012 da 2016, ya san dole a tanadi janareta. Na uku, kuma mafi nauyi, izini. Fitaccen ginin yankin shi ne Babban Masallacin Ƙasa da ke Kanda, wanda aka buɗe a 2021. Bangon masallaci ba ya ɗaukar hoton mutum, amma yana iya ɗaukar rubutun Larabci da zayyana irin ta allon sauka, bisa yardar limamai.

Batun izini ba ƙarami ba ne, domin haske yana hawa bangon da mai shi bai ba da ba. A 1985 Krzysztof Wodiczko ya haska tambarin 'yan Nazi a ofishin jakadancin Afirka ta Kudu da ke Landan don sukar wariyar launin fata, sai da 'yan sanda suka tsayar da shi. Abin da ya zama makamin mai gaskiya a can yana iya zama na mai talla ko ɗan siyasa a zango, ya mamaye bangon talaka ba sallama.

5.0 Kammalawa

An ga cewa majigin bango reshe ne na tsohuwar al'adar sa bango ya yi magana. Fenti yana da araha, kuma yana shekaru. Haske yana da tsada, gari na wayewa ya ɓace, amma yana tara dubban mutane a dare ɗaya. Amfaninsa ga Nima da Maamobi ya rataya a kan wanda ya tsara zanen. Idan 'yan unguwa ne, da shawarar sarakunan zango da masu gidaje, zai ɗora a kan aikin da matasa suka fara a 2011. Idan kuwa daga waje aka kawo shi a mota, to an koma majigin ƙofar fada, inda mai gari yake kallo, baƙo yake magana.