Masu Auna Ruwan Sama a Ingila

A ƙasar Hausa, idan aka ce bazara, ana nufin lokacin zafi mai tsanani wanda yake zuwa kafin damina. Amma masu fassara sukan ari wannan kalma su ba wani lokaci na ƙasashen Turai, wato watannin Maris, Afrilu da Mayu, sa'ad da hunturu yake ƙarewa, itatuwa suna toho, tumaki suna haihuwa. Watannin kusan ɗaya ne da namu, amma yanayin ba ɗaya ba ne. A Ingila bazara takan zo da sanyi da yayyafi, wata shekara ma har da dusar ƙanƙara.

Mutanen ƙasar ba za su yi saurin mantawa da bazarar 2012 ba. Kafin ta, an yi hunturu biyu a jere ba a sami isasshen ruwa ba. Koguna suka ja baya, madatsun ruwa suka ragu. Watan Maris kuma ya zo da rana da ɗumi. Saboda haka, ranar 5 ga Afrilu, kamfanonin ruwa bakwai a kudanci da gabashin Ingila suka hana ban ruwan lambu da wanke mota da tiyo. Wanda ya karya dokar ana iya cin sa tarar fam dubu. Ba a daɗe da kafa dokar ba, sai ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Yau ruwa, gobe ruwa. Afrilu ya fi Maris sanyi, abin da ba a saba gani ba. Da watan ya ƙare, sai Hukumar Kula da Yanayi ta Birtaniya ta sanar cewa tun daga 1910 ba a taɓa yin Afrilu mai yawan ruwa kamarsa ba.

To, yaya aka yi ta sani? Ta sani ne domin akwai mutanen da suke aunawa kullum, suna rubutawa. Da yawansu ba ma'aikatan gwamnati ba ne, masu aikin sa kai ne: manoma, malaman makaranta, da tsofaffin da suka bar aiki. Al'adar ta daɗe. Tun 1860 wani mutum mai suna George Symons ya fara tattara bayanan ruwan sama daga irin waɗannan mutane a duk faɗin ƙasar.

Aikin yana da ƙa'ida, kuma babbar ƙa'idarsa ita ce lokaci. Ana yin awo da ƙarfe tara na safe agogon GMT, wato ƙarfe goma agogon Nijeriya. Mai awo zai fara zuwa wurin ma'aunin ruwan sama. Wannan wani gwangwani ne na tagulla, mai mazurari a bakinsa da kwalba a cikinsa. Faɗin bakin inci biyar ne, tsayinsa daga ƙasa santimita talatin. Ba a kafa shi kusa da gida ko gindin itace, don kada su tare ruwan. Sai ya juye abin da ya taru cikin wata siririyar kwalba mai lambobi, ya karanta. Ana lissafi da milimita. Milimita ɗaya tana nufin lita ɗaya ta ruwa ta sauka a kan fili mai tsawon mita ɗaya da faɗin mita ɗaya. Abin da aka auna da safiyar Talata kuwa, a ranar Litinin ake rubuta shi, domin yawancin sa'o'in da ruwan ya taru na Litinin ne. Ranar da ba a yi ruwa ba ma sai an je an duba, an rubuta. Idan aka bar gurbin babu komai, wanda zai karanta bayan shekara hamsin ba zai san ko ruwa ne bai sauka ba, ko mai awo ne ya makara.

Daga nan sai ya buɗe wani farin akwatin katako da yake tsaye a kan ƙafafu. Jikinsa yana da tsaga-tsaga don iska ta shiga ta fita, rana kuwa ba ta taɓa abin da yake ciki. A nan ake ajiye ma'aunan zafi. Ɗaya yana nuna iyakar zafin da aka yi, ɗaya kuma iyakar sanyi. Bayan haka sai ya ɗaga kai ya dubi sama. A ransa zai raba ta kashi takwas, ya ƙiyasta kashi nawa gajimare ya rufe. Zai kuma lura da inda iska take fitowa. Duka aikin bai fi 'yan mintoci ba. Wahalarsa ita ce babu fashi, ko da ana tsuga ruwa, ko da ranar hutu ce.

Awo yana faɗin abin da ya riga ya faru. Hasashe kuwa ƙoƙari ne na faɗin abin da zai faru. Yawancin ruwan Ingila daga yamma yake zuwa, daga Tekun Atlantika. Idan nauyin iska yana raguwa, alama ce hadari yana tafe. Idan yana ƙaruwa, sama za ta washe. A can sama ƙwarai kuma akwai wata iska mai gudun gaske, wadda take kora hadari daga yamma zuwa gabas. A 2012 ta karkato kudu fiye da yadda ta saba, ta yi ta turo hadari kan Ingila ɗaya bayan ɗaya. A yau hukumar, wadda take da mazauni a birnin Exeter, tana haɗa bayanan tashoshin awo da na jiragen ruwa, jiragen sama da taurarin ɗan'adam, manyan kwamfutoci su yi lissafi. Robert FitzRoy, wanda ya fara buga hasashen yanayi a jarida a 1861, ba shi da komai sai rahotannin da ake aiko masa ta wayar tangaraho daga tashoshi kaɗan.

Manomi ya fi kowa kasa kunne ga wannan hasashe. A bazara, abin da ya fi tsoro shi ne daren da sama ta washe bayan ruwa. Gajimare kamar bargo yake. Idan babu shi, ɗumin ƙasa yakan tsere, raɓa ta daskare kafin asuba. Dare ɗaya irin wannan ya isa ya lalata furen tuffa da ganyen dankalin Turawa. Ɗan tunkiya sabon haihuwa kuma, idan ruwa ya jiƙa shi, iska mai sanyi ta biyo baya, yana iya mutuwa. Shi ya sa makiyayi yake so ya sani tun da yamma ko zai shigar da dabbobinsa rumfa. A wannan shekara ko ƙudan zuma bai iya fita sosai ba, don haka tuffa ta yi ƙaranci.

Sai dai hasashe yana da iyaka. Na gobe da jibi yawanci yakan yi daidai, amma na wata uku abu ne mai wuya. A Maris ɗin 2012, hasashen hukumar ya ɗan fi karkata ga cewa watanni uku masu zuwa za su yi ƙarancin ruwa. Sai ga ambaliya a wurare da dama. A ganina, ba a yi adalci ba idan aka ce masanan ba su san aikinsu ba, domin abin da suka faɗa shi ne wanda ya fi yiwuwa, ba su ce tabbas ba. Dokar tiyo dai ba a gama janye ta ba sai a watan Yuli, lokacin da lambunan mutane suka riga suka zama taɓo.