Intanet da Koyar da Insha'i a Makarantun Sakandaren Ƙasar Kibiya

Insha'i, wato tsara tunani a rubuce daga gabatarwa zuwa gundarin bayani har kammalawa, yana cikin abubuwan da hukumomin WAEC da NECO ke gwada ɗaliban sakandare a kansu a darussan Turanci da Hausa, kuma tun da JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015, ɗalibin Tarai da ke Ƙaramar Hukumar Kibiya ya shiga sahu ɗaya da na birnin Kano wajen buƙatar sanin na'ura. Sai dai a karkara wayar hannu ce ƙofar intanet, sau da yawa ta wani yaya ko ta malami, kuma kuɗin data da caji da raunin sabis su ne ke yanke tsawon lokacin da za a yi ana bincike.

Wannan ƙaranci, in an lura, yana da amfaninsa, domin yana tilasta wa malami ya koyar da abin da ya fi muhimmanci, wato tantance bayani kafin a ɗauke shi. Tarihin Masarautar Rano ya isa misali. Shafin da aka rubuta a 2020 zai nuna ta a matsayin masarauta mai daraja ta ɗaya, kamar yadda dokar 2019 ta tanada, alhali an soke wannan doka a watan Mayun 2024, sannan a watan Yulin shekarar aka sake kafa masarautar da daraja ta biyu, ta ƙunshi Rano da Bunkure da Kibiya. Tsohon shafin da sababbin da suka biyo bayan sauyin duk suna nan a intanet, kuma Google ba ya jera su bisa gaskiyarsu, saboda haka ɗalibin da bai saba duba ranar rubutu da sunan marubuci da kafar da ta wallafa ba zai kwaso tsohon labari ya miƙa wa malami da zuciya ɗaya. Haka lamarin yake a Wikipedia ta Hausa, wadda kowa ke iya gyarawa, don haka ya kamata a gwama abin da ta faɗa da rahoton wata kafa kamar BBC Hausa ko Aminiya.

Matsala ta biyu ita ce satar fasaha, wato ɗaukar rubutun wani a gabatar da shi tamkar na kai, wadda ta ƙara sauƙi tun fitowar ChatGPT a ƙarshen 2022, manhajar ƙirƙirarriyar basira da ke harhaɗa insha'i cikin daƙiƙoƙi. Tsawatarwa kaɗai ba ta magance wannan. Abin da ya fi tasiri shi ne a raba aikin gida biyu: ɗalibi ya karanta a waya, ya rubuta muhimman batutuwa a littafinsa da kalmominsa tare da inda ya samo su, sannan a ajiye wayar a yi rubutun a aji da biro. Zaɓen jigo ma yana taimakawa, domin abin da intanet ta sani game da Tarai kaɗan ne ƙwarai. Wanda aka ce ya bayyana yadda ake cin kasuwar garinsu ko yadda manoma ke adana hatsi bayan kaka dole ya tambayi dattawa, intanet kuwa ta tsaya a matsayin mai cike giɓi.

Akwai kuma ƙa'idojin rubutu, waɗanda Facebook da WhatsApp suka yi wa illa, inda ake haɗe kalmomi barkatai ana watsi da ƙ da ɗ da ɓ, kuma mai gyaran jarrabawa ba ya yafe wannan.

Gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi a watan Yunin 2024, kuma ya dace horar da malaman harshe na karkara kan binciken intanet ya shiga cikin shirin tare da samar da sola, domin kwamfutar da aka kai makaranta ba tare da malamin da ya iya ta ba a kulle take ƙarewa.