Ninkin Aikatau da Gano Cutar Allon Kwamfuta

Mai gyaran kwamfuta kamar likita yake, daga bakin mai kaya bincikensa ke farawa. Ga misali, idan malamin makaranta a Mabai, cikin ƙasar Ƙanƙara, ya ce "allo ya ɗauke", ya faɗi abin da ya auku sau ɗaya. Idan kuwa ya ce "yana ɗaɗɗaukewa", ninkin gaɓar farko ya nuna hoton yana tafiya yana komowa. Wannan bambanci shi ke nuna inda za a duba.

Allon da ke ɗaɗɗaukewa galibi bai mutu ba, wani mahaɗi ne ya yi sako-sako. Sai a fara da wayar VGA mai haƙora 15, a ɗaure ta sosai. Sa'an nan a jarraba wani allo. In cutar ta ci gaba, a kashe wuta, a zare RAM, a kakkaɓe ƙurar hunturu, a mayar. In kuwa sai an ta da janareta take tasowa, laifin wuta ne.

Wanda ya rikita kalmomin nan biyu yakan tafi Funtuwa ya sayo sabon allo, alhali tsohon lafiyarsa lau.