Me ya sa na'ura ba ta ga "ƙasa" ba?

Ɗaliban ƙungiyar 'yan jarida na wata sakandare a Maradun sun kawo mana kuka. Sun tattara tsofaffin takardu kan madatsar ruwa ta Bakalori, wadda aka kammala a 1978 a kan Kogin Sakkwato, take shayar da gonakin Talata Mafara da Bakura da Maradun. Sun ɗora takardun a shafin intanet ɗin makarantarsu don 'yan aji uku masu shirin jarrabawa su amfana. Amma da an rubuta "ƙasa" ko "ɗanyen ruwa" a akwatin bincike, sai shafin ya ce babu. Alhali ga kalmomin nan ƙuru-ƙuru a takarda.

Mun zauna da su muka duba. Abin da ya kamata ku fara sani shi ne, akwatin bincike ba ya karanta shafi kamar yadda idonku ke yi. Manhajar shafin tana zaƙulo rubutun da ke cikin kowane fayil, ta jera kalmomin a wani fihirisa, irin wanda kuke gani a ƙarshen littafi. Duk kalmar da ba ta shiga fihirisar ba, a wurin na'ura ba ta wanzu ba.

Wasu fayilolin PDF ɗin hotuna ne kawai da aka ɗauka da waya, babu ko harafi guda a cikinsu. Waɗannan sai an bi su da manhajar OCR, mai mayar da hoton rubutu ya zama rubutu.

Sauran fayilolin ne suka fi ba mu sha'awa. Da muka kwafi layi ɗaya muka liƙa a wani wuri, "ƙasa" ta koma "}asa", "ɗaya" ta koma "]aya". Kafin a saba da tsarin Unicode, wanda ya ba kowane harafi na duniya lambarsa, masu buga Hausa sun riƙa amfani da wasu fontoci na musamman. Su kan ɗora zanen ƙ a kan maɓallin } ko q, ɗ a kan ] ko x, ɓ a kan ~ ko v. Ido yana ganin ƙ, amma a cikin fayil } ne ke zaune. Fihirisar ta cika da "}asa", shi ya sa ba ta san "ƙasa" ba. Dabarar ta taimaka a zamaninta, ba mu raina ta ba, sai dai yau ta zama tarko.

OCR ɗin ma yana da nasa ɓarnar: sau da yawa yakan sare lanƙwasar harafi. Wani shafi da ya yi bayanin faɗan manoma da 'yan sanda a 1980, lokacin da manoman suka yi zanga-zangar neman diyyar gonakinsu, ya fito a matsayin "fadan manoma". Fada ta Sarkin Kaya ce, faɗa kuwa wani abu ne dabam.

Gyaran bai ɗauki dogon lokaci ba. Ɗaliban sun yi amfani da umarnin nemo-ka-sauya suka mayar da } zuwa ƙ, ] zuwa ɗ, ~ zuwa ɓ. Shafukan OCR kuwa sun karanta su layi-layi, suna gyarawa da allon Hausa na Gboard. Daga nan aka sa manhajar ta sake gina fihirisar, domin in ba haka ba tsohon kuskuren zai ci gaba da zama a ciki. Sun kuma sa alamar "Bakolori" da "Bakalori" duka a kan kowace takarda, tunda takardun Turanci da na Hausa ba su rubuta sunan iri ɗaya ba.

Yanzu "ƙasa" tana fitowa. Takardu biyu na Ajami da wani dattijo ya ba su ne suka rage, sun ce za su juya su zuwa boko da hannu a lokacin hutu.