Jarin Kasada da Sababbin Kamfanonin Fasaha a Afirka: Yadda Yake Aiki da Inda Yake Karkata

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin salon zuba jarin da ake kira jarin kasada, wanda a kansa yawancin sababbin kamfanonin fasaha na Afirka suka ginu daga shekarar 2010 zuwa yau. An auna shi da ƙiradi, wato tsarin haɗa dukiya da aiki da aka sani a fiƙihun Malikiyya, domin fito da inda suka yi tarayya da inda suka rabu. Maƙalar ta nuna cewa ribar mai jarin kasada tana fitowa ne daga sayar da hannun jarinsa, ba daga cinikin kamfani ba, kuma wannan shi ya sa kuɗin suka tattaru a ƙasashe kaɗan da sana'o'i kaɗan.

Fitilun Kalmomi: jarin kasada, ƙiradi, hannun jari, kamfanonin fasaha, Afirka

1.0 Gabatarwa

A watan Oktoba na 2020, kamfanin Stripe na Amurka ya sayi Paystack a kan kuɗi sama da dala miliyan 200. Paystack kamfani ne mai sauƙaƙa biyan kuɗi ta intanet, wanda Shola Akinlade da Ezra Olubi suka kafa a Legas a 2015. Kamfanin da bai wuce shekara biyar ba, ba shi da masana'anta ko gona ko rumbun kaya, ya samu farashin da tsofaffin kamfanoni da yawa ba su kai ba. Ba za a fahimci wannan ciniki ba sai an san irin jarin da ya reni kamfanin. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana wannan jari, da sharuɗɗansa, da tasirinsa a kan irin kamfanonin da ake kafawa a nahiyar.

2.0 Ma'anar Jarin Kasada

Jarin kasada shi ne kuɗin da ake zubawa a sabon kamfani wanda bai fara cin riba ba, a madadin wani kaso na mallakarsa. Ba bashi ba ne, don haka babu kuɗin ruwa, babu jingina, kuma idan kamfanin ya durƙushe mai jari ba ya bin kowa ko sisin kwabo. Ana danganta asalin tsarin na zamani ga wani kamfanin zuba jari da aka kafa a Boston a 1946 ƙarƙashin jagorancin Georges Doriot. A 1957 kamfanin ya zuba dala 70,000 a Digital Equipment Corporation, mai ƙera kwamfuta, kuma wannan jari guda ya ninka kansa sau ɗaruruwa.

Ga wanda ya yi karatun zaure, wannan tsari ba baƙo ba ne gaba ɗaya. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a ƙasar Hausa, ta yi bayanin ƙiradi, wanda wasu malamai ke kira mudaraba: wani ya ba da dukiya, wani ya juya ta, a raba riba bisa kason da aka amince da shi tun farko. Idan aka yi hasara ba tare da sakaci ba, mai dukiya ya rasa dukiyarsa, mai aiki ya rasa wahalarsa. A wannan fuska tsarin biyu sun yi tarayya, domin kowannensu ya ɗora hasarar kuɗi a kan mai kuɗi.

Sai dai akwai bambanci babba. A ƙiradi, idan falke ya dawo daga tafiya, ana mayar da uwar kuɗi sannan a raba ribar cinikin. A jarin kasada kuwa, ba a jiran ribar ciniki, domin kamfanin yakan yi shekaru yana kashe fiye da abin da yake samu da gangan, don ya faɗaɗa. Mai jari yana jiran ranar da zai sayar da kasonsa ga wani a farashin da ya ninka wanda ya saya. Wato hajarsa ita ce kamfanin kansa.

3.0 Yadda Tsarin Yake Aiki

Masu jarin kasada galibi ba da kuɗinsu suke kasada ba. Sukan kafa asusu, su tara kuɗi daga asusun fansho, da gidauniyoyin jami'o'i, da attajirai, da hukumomin raya ƙasashe irin su IFC ta Bankin Duniya. Bisa al'ada, asusun yana da wa'adin kimanin shekara 10. Masu gudanar da shi suna karɓar kusan kashi 2 cikin 100 duk shekara a matsayin ladan kulawa, da kashi 20 cikin 100 na ribar da aka samu a ƙarshe.

Ana zuba kuɗin ne mataki-mataki. A matakin farko, wanda ake kira jarin iri, ana ba da kuɗi kaɗan don a gwada ko tunanin zai yi aiki. Idan an ga alamar nasara, sai a sake zagaye da kuɗi masu yawa. A kowane zagaye ana yi wa kamfanin ƙima. Misali, idan mai jari ya ba da dala miliyan 1 ya karɓi kashi 20 cikin 100, to an ƙiyasta kamfanin a kan dala miliyan 5 ke nan. Kowane sabon zagaye yana rage kason waɗanda suka kafa kamfanin, har ta kan kai su zama masu ƙaramin kaso a abin da suka ƙirƙira.

Lissafin da ke riƙe da tsarin duka shi ne cewa mafi yawan kamfanonin za su mutu ko su tsaya cik. A ƙaddara asusu ya zuba dala miliyan 1 a kowane ɗaya daga kamfanoni 20. Idan 15 suka rushe, 4 suka mayar da uwar kuɗi kawai, to dole ne na ƙarshen ya ninka jarinsa sau 50 ko fiye kafin a ce asusun ya yi abin kirki. Saboda haka mai jarin kasada ba ya neman sana'a mai riba daidai gwargwado. Yana neman wadda za ta iya girma fiye da kima cikin ɗan lokaci.

4.0 Bunƙasar Kamfanonin Fasaha a Afirka

Abubuwa uku suka share fagen. Na farko shi ne yaɗuwar wayar hannu, da abin da Safaricom ya nuna a Kenya lokacin da ya ƙaddamar da M-Pesa a 2007, cewa talakan da ba shi da asusun banki zai iya aika kuɗi ta waya. Na biyu shi ne shimfiɗa wayoyin intanet na ƙarƙashin teku, kamar SEACOM da ya isa gabashin Afirka a 2009, da MainOne na Funke Opeke da ya fara aiki a yammacin Afirka a 2010. Na uku shi ne cibiyoyin da matasa masu rubuta manhaja ke haɗuwa, irin su iHub a Nairobi da CcHUB a unguwar Yaba ta Legas.

Daga 2016 jarin ƙetare ya fara shigowa sosai. A shekarar ne Paystack ya samu shiga shirin Y Combinator na Amurka, kuma gidauniyar Chan Zuckerberg ta jagoranci zuba dala miliyan 24 a Andela, wanda a lokacin yake horar da masu rubuta manhaja. A 2019 Jumia ya shiga kasuwar hannun jari ta New York, Visa kuma ya sayi kaso a Interswitch a ƙimar dala biliyan 1. Shekarar 2021 ta zarce duk na baya: OPay ya samu dala miliyan 400 a ƙimar dala biliyan 2, Wave mai aiki a Sanagal ya samu dala miliyan 200, sannan a watan Fabrairun 2022 ƙimar Flutterwave ta haura dala biliyan 3.

5.0 Dalilan Tattaruwar Jarin

Duk wanda ya dubi waɗannan sunaye zai lura cewa yawancinsu harkar biyan kuɗi suke yi. Har ila yau, kusan kowace shekara ƙasashe huɗu ne ke kwashe mafi yawan jarin: Nijeriya da Kenya da Masar da Afirka ta Kudu. Wannan ba dace ba ne, sakamako ne na lissafin da aka bayyana a sama. Manhajar biyan kuɗi tana iya ɗaukar mutum miliyan goma ba tare da an ninka kashe kuɗi sau miliyan goma ba, kuma tana cin ɗan kaso a kowane ciniki. Kamfanin da ke sarrafa tumatir ko jigilar hatsi kuwa, duk faɗaɗawar da zai yi sai ya ƙara motoci da rumbuna da ma'aikata, ga rashin wuta da lalacewar hanya. Yana iya samar da aikin yi mai yawa, amma ba ya ninkuwa da saurin da asusu mai wa'adin shekara 10 yake buƙata.

Abu na biyu shi ne batun mallaka. Da yake yawancin jarin daga Amurka da Turai yake fitowa, masu shi sukan nemi a yi wa uwar kamfani rajista a inda suka amince da dokokinsa, musamman jihar Delaware ta Amurka. Ta haka kamfanin da ma'aikatansa da abokan cinikinsa ke Legas ko Nairobi yakan zama, a idon doka, reshen wani kamfanin ƙetare.

Abu na uku shi ne ƙarancin masu saye. Tun da riba tana zuwa ne ranar sayarwa, dole a samu babban kamfanin da zai saya, ko kasuwar hannun jari mai zurfin da za ta ɗauka. Kasuwannin hannun jarin Afirka ba su cika karɓar kamfanin da bai fara riba ba. Shi ya sa manyan cinikayyar da ake misali da su, wato sayen Paystack, da sayen MainOne da Equinix ya yi a kan dala miliyan 320, duk kamfanonin Amurka ne suka yi su.

6.0 Koma-bayan 2023

Raunin dogaro da jarin ƙetare ya bayyana lokacin da babban bankin Amurka ya ɗaga kuɗin ruwa daga kusan sifiri a farkon 2022 zuwa sama da kashi 5 cikin 100 a tsakiyar 2023. Da masu kuɗi suka ga riba mai tabbas a gida, sai sha'awar kasada ta ragu. Rahoton Partech ya nuna jarin da kamfanonin fasaha na Afirka suka samu ya sauko daga kimanin dala biliyan 6.5 a 2022 zuwa dala biliyan 3.5 a 2023. A wannan shekarar kamfanoni irin su 54gene a Nijeriya da Sendy a Kenya suka daina aiki.

Faɗuwar darajar kuɗi ta ƙara tsananta lamarin. A watan Mayun 2023 farashin dala a hukumance ya kai kimanin naira 460, amma a Fabrairun 2024 ya haura naira 1,500. A ƙaddara kamfani yana cinikin naira biliyan 4.6 a shekara, wato dala miliyan 10. Ko da ya ninka cinikinsa zuwa naira biliyan 9.2, a sabon farashi bai wuce dala miliyan 6.1 ba. Kamfanin ya girma a naira, ya ƙanƙance a dala, kuma da dala mai jari yake lissafi.

Duk da haka, kamfanonin da suka kafu a kan cinikin yau da kullum sun tsira. Ƙarancin takardun kuɗi da ya biyo bayan sauya fasalin naira a farkon 2023 ya tura 'yan kasuwa da yawa, har da na Kantin Kwari da Singa a Kano, zuwa karɓar kuɗi ta waya da na'urar POS. A watan Oktoban 2024 Moniepoint, wanda na'urorinsa ke hannun ƙananan 'yan kasuwa, ya samu dala miliyan 110 a ƙimar da ta kai dala biliyan 1.

7.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta nuna cewa jarin kasada yana da siffa guda da ke tafiyar da sauran: ribarsa tana jiran mai saye. Daga nan ne fifita harkar biyan kuɗi, da rajista a ƙetare, da saurin janyewa a lokacin tsanani suka samo asali. Gwamnatoci sun fara mayar da martani da dokoki, kamar dokar sababbin kamfanoni ta Tunisiya a 2018 da ta Nijeriya da aka sa wa hannu a Oktoban 2022. Sai dai doka tana sauƙaƙa rajista da haraji ne, ba ta haifar da masu jari na cikin gida. Muddin attajiran nahiyar da asusun fanshonta ba su shiga wannan fage ba, al'ummomi irin na ƙasar Hausa za su ci gaba da zama masu amfani da manhajojin, ribar mallakarsu kuwa ta tafi wani wuri. Sana'o'in da ba su dace da wannan lissafi ba, kamar noma da sarrafa amfanin gona, suna buƙatar jari mai haƙuri wanda ke raba ribar ciniki, kuma a nan ƙa'idojin ƙiradi sun cancanci a sake nazarin su.